Injinan 32-bit: mu riƙe su ko mu sake su?

Issoufou
Salamu alaikum jama'a, ya sanyi? Akwai maganar da muka daɗe muna ɗagawa, yau dai sai an yi ta, don Rakia ba za ta fara haɗa sabon ISO, wato fayil ɗin da ake girka tsarin namu da shi a inji, ba sai an yanke.

Kun san Linux ɗin namu a kan Debian yake zaune, wato babban tsarin Linux da muke gini a kansa. Wanda muke rabawa yanzu a kan Debian 12 aka gina shi, kuma ISO biyu muke fitarwa, na amd64 (injina masu 64-bit) da na i386 (tsofaffi masu 32-bit). To Debian 13 ta fito ranar 9 ga Agusta 2025, kuma a cikinta an cire i386 daga sahun waɗanda ake girkawa: babu kanel, wato zuciyar tsarin, babu manhajar girkawa. Abin da ya rage ƴan ƙunshin 32-bit ne, don tsofaffin manhajoji su samu su yi aiki cikin inji mai 64-bit. A sauran ƙirorin furosesa kuma, sun shigo da riscv64 (RISC-V) a hukumance, sun fitar da MIPS, sun ce armel daga wannan fitar ta gama.

Wace ƙirar furosesa sabon namu zai ɗauka? amd64 ba gardama. Gardamar tana kan i386, da arm64, ƙirar ARM mai 64-bit ta ƙananan injina, da Abdoul Razak ya hana mu barci a kanta. Kowa ya faɗi nasa, amma duk wanda zai ce a sa kaza, ya faɗa mana wa zai gwada.

Malam Chaibou (Tahoua)
Wa alaikumus salam. Issoufou ɗana, ni tun ba a yi nisa ba in hwaɗi nawa. Ɗakin ordinatar na lakkwal ɗinmu, injinan da anka ba mu kyauta, dukkansu ISO na 32 munka ɗora musu, kuma shina aiki. Da su ɗiya suka koyon rubutu da ƙ da ɗ da ƴ. In kunka cire shi, mi za ni ce ma shugaban lakkwal? In ce mutanen Yamai sun ce injinanmu sun tsuhwa? Ai don irin waɗanga injina munka hwara aikin ga tun asali. Mai sabon inji bai da bukatarmu.

Abdoul Razak
Mushe, da girmamawa, 32-bit fa an daɗe da yi mata sallah. Arch ta sake ta a 2017. Fedora ta daina fitar da kanel ɗinta tun Fedora 31 a 2019. Ubuntu ma a 19.10 ta bar ta, sai ƴan abubuwan da aka rage saboda ihun masu Steam na wasanni da Wine mai tafiyar da manhajojin Windows. Debian ce mai haƙurin cikinsu, ita ma ta gaji. Mu shida ne za mu fi su ƙarfi?

Hadiza
Abdoul, sassauta. Tambaya Malam ya yi, kai kuma jerin sunaye ka kawo masa.

Malam Chaibou (Tahoua)
Bar shi Hadiza, yaro ne mai karatu. Amma Abdoul, waɗanda kal lisahta, sun duba injinan mutanensu sunka yanke. Mu ma mu duba namu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Laouali
To bari in shigo, tun da ni ne injinan suke kwana a gabana. Malam ya ce mu duba namu, kuma nan ne maganar take.

A rumfata a Katako, yawancin abin da mutum zai kawo ya ce mini "tsoho ne, 32 ne", in na buɗe sai in tarar Core 2 Duo ne a ciki. Core 2 Duo kuwa tun fitowarsa a 2006 mai 64-bit ne. Abin da ke ruɗin mutane shi ne Windows XP ko Windows 7 na 32 da aka sayar da injin da shi, sai kowa ya ɗauka iyakar injin ke nan. AMD ta fara 64-bit tun 2003 da Athlon 64, Intel ta biyo a 2004, har Pentium 4 na ƙarshe-ƙarshe ma suna da shi. Waɗanda da gaske ba su iya wuce 32 su ne Pentium M, da Core Duo wanda ba shi da 2 a sunansa, da Pentium 4 na farko, da ƙananan netbuk masu Atom N270 na wajen 2008.

Kuma irin waɗannan, wallahi ba rashin ISO ne ke kashe su ba. Ka buɗe ka ga kondansata sun kumbura kusa da furosesa, wasu har sun fitar da abu mai ruwan ƙasa a kai. Fanka ta cushe da ƙura ta zama kamar auduga. Diski na IDE ne, in ya mutu sai ka zagaye kasuwa ba ka samu madadinsa ba. RAM ɗin DDR na farko ma haka. In bazara ta zo, zafin Afrilu da Mayu shi ke ƙarasa su.

Malam, don Allah in ka je lakol ka buɗe tarminal a kowane inji ka rubuta lscpu. Kusa da sama akwai layin da zai nuna "32-bit" kawai, ko "32-bit, 64-bit". Ka ƙirga mana.

Malam Chaibou (Tahoua)
In sha Allahu bayan azahar in leƙa.

Rakia
Kafin Malam ya dawo, bari in faɗi abin da riƙe i386 yake nufi a wajena, don na ga ana ɗauka layi ɗaya ne zan ƙara a fayil.

Har zuwa Debian 12, aikinmu ɗauko na mutane ne mu shirya. Kanel nasu ne, manhajar girkawa tasu ce, in an gano ɓaraka su ne ke toshewa, mu sai dai mu ja. A kan Debian 13 kuwa, kanel na 32 ni zan haɗa shi, kuma ba sau ɗaya ba: duk lokacin da gyaran tsaro ya fito sai in sake. Manhajar girkawa ma sai mun san yadda muka yi. In wani abu ya lalace, ba wanda zan kai wa ƙara a sama, don amsar da za a ba ni ita ce ba ma kula da wannan. Su kansu a takardar fitowar sun rubuta cewa mai inji i386 kada ya hau Debian 13, ya sake girkawa da amd64 in injin zai iya, in ba zai iya ba ya ajiye shi.

Sai babbar matsalar, manhajar shiga intanet. Chrome ta bar Linux na 32 tun 2016. Firefox ce ta riƙe mu, ita ma siga ta 144 ce ta ƙarshe, sai ESR 140, sigarta mai doguwar kulawa, da za ta kai wajen Satumba 2026. Bayan nan fa? In ce zan haɗa Firefox da kaina? Ko manyan rarrabawa wahala suke sha da ita a 32-bit, don manhaja ɗaya ba ta samun fiye da wajen giga 3 na RAM a can, haɗa Firefox kuwa yana neman fiye da haka. Kuma injin da nake haɗawa da shi yana ɗakina ne, in wuta ta ɗauke tsakar dare batirin ba ya kai shi safiya.

Ban ma taɓo maganar 2038 ba. Ranar 19 ga Janairu na shekarar, agogon da ke ƙirga daƙiƙa da 32-bit zai cika ya juya. Debian ta gyara wannan a ARM na 32, amma ta bar i386 yadda take da gangan, don kada tsofaffin manhajoji su karye.

Souley
2038? Rakia, injin da Laouali ya ce kondansatansa na zubar da miya ne zai kai 2038? 😂

Rakia
Shi ya sa na sa ta a ƙarshe, yaya Souley.

Malam Chaibou (Tahoua)
Rakia ɗiyata, na ji wahalarki, Allah shi saka. Amma ɗakin namu babu intanet. LibreOffice ne, da GCompris na ƙanana, da Wikipedia da kunka sa muna ta Kiwix, mai buɗe ta babu intanet. Ɓarawon da za shi shigo ta waya, ta ina?

Rakia
Ta kle na USB, Malam. Kowane malami da tasa a aljihu, daga sibar kafe zuwa lakol. Amma na yarda haɗarin ya ragu sosai. Kuma maganarka ita ce ta ba ni mafita: injin da ba ya shiga intanet, me zai yi da Debian 13? Debian 12 tana da kulawa ta dogon zango har tsakiyar 2028. ISO na 32 da ke hannunka ba zai daina aiki ba ranar da muka fitar da sabo.

Malam Chaibou (Tahoua)
To ga ni na dawo. Manyan injinan Dell na kan tebur, duk sun nuna 32-bit, 64-bit, in ban da guda biyu da ke can ƙurya, masu Pentium 4. Ƙananan na hannu guda ukku kuwa, 32 kawai. Ke nan biyat ne ba su iyawa. Sauran goma sha ɗaya sun iya.

Sai dai ga wata. Na duba RAM kamar yadda Laouali yak koya min tun bara, mahi yawa giga 1 ne, kaɗan ne masu 2. An ce min na 64 ya hi cin RAM. In haka ne, kun cire mu daga rana kun sa mu wuta.

Rakia
Gaskiya ne, ya fi ci. Kowane adireshi a cikin RAM baiti 8 yake ɗauka maimakon 4, don haka manhajoji na ɗan kumbura. A giga 2 da Xfce, fuskar tebur mara nauyi, ba za ka ji ba sosai. A giga 1 za ka ji, musamman in an buɗe LibreOffice da Kiwix tare. Zan kunna zram tun daga ISO, shi yana matse abin da ke RAM maimakon ya zuba shi a diski, kuma a tsohon diski mai juyawa bambancin a bayyane yake. Amma giga 1 dai giga 1 ne.

Laouali
Wannan nawa ne. Injinan Core 2 yawanci DDR2 suke ci, ita kuwa ina da ita cike da gwangwani, daga injinan da aka farfasa. Malam, ɗauko mini hoton takardar da ke manne a jikin RAM ɗaya, da lambar injin a bayansa. In ta dace, sai in ɗaure su in ba motar safe, ka karɓa a tasha.

Hadiza
Tun da an zo kan Core 2 Duo, ni abin da ke damuna ba 32 ba ne. A cikin amd64 ɗin kanta yanzu an yi matakai. Akwai v2, da ke neman umarni irin su SSE4.2 da POPCNT, waɗanda Intel ta kawo daga Nehalem, wato Core i na farko a ƙarshen 2008. Akwai v3 mai neman AVX2, daga Haswell na 2013. Red Hat 9 ba ta tashi sai da v2, Red Hat 10 kuwa v3 take nema, har sai da AlmaLinux ta yi wani gini na daban na v2 saboda mutanenta.

Ku lura: injinan Malam goma sha ɗaya da muka gama murna sun tsira, ko v2 ba su kai ba. Debian har yanzu tana kan matakin farko, alhamdu lillahi. Amma manhajojin da muke ɗaukowa daga waje fa? Ya isa wani ya haɗa tasa da v2, sai ta faɗi a kan Core 2 da saƙon umarnin da furosesa bai sani ba, mu kuma a injinanmu na Yamai komai lafiya, ba za mu gani ba sai Malam ya kira. Ni ina so a rubuta a ƙa'idarmu: amd64 matakin farko, kuma ba a fitar da ISO sai an tashe shi a kan Core 2 Duo na gaske, ba a cikin VirtualBox mai kwaikwayon inji ba.

Issoufou
Wannan ta shiga. Laouali, akwai wanda za ka ware mana?

Laouali
Akwai wani HP da mai shi ya bari tun azumi, ya ce kuɗin gyara ya fi ƙarfinsa, in riƙe. Allonsa ya tsage a gefe amma yana nunawa. Ya zama na gwaji.

Abdoul Razak
To yanzu a saurare ni kan arm64, don duk wannan gyaran jiya ne, ni gobe nake magana.

Kowa ya tuna Agusta 2023, da Najeriya ta yanke layin wuta bayan takunkumin CEDEAO. An ga yadda gari ya koma. Ko yanzu da tashar sola ta Gorou Banda ke aiki, da ta Malbaza a can wajen su Mushe, ƙauyuka nawa ne layi bai kai ba? Injin tebur mai Pentium 4 da allonsa yana iya shan wat ɗari ko fiye. Raspberry Pi 4 kuwa, ƙaramin ordinatar nan mai ARM, cajarsa gaba ɗaya wat 15 ce, kuma ba ya shanye ta. Pano ɗaya da batir ɗaya sun riƙe ɗaki. Babu fanka mai jan ƙura, babu diski mai juyawa. Tun Pi 3 na 2016 furosesansu 64-bit ne, kuma arm64 cikakkiyar ƙira ce a Debian, ba abin da Rakia za ta haɗa da hannu. In muna maganar lakol na karkara, wannan ce hanya.

Laouali
Ƙanena, lissafin wutarka daidai ne. Amma ni tunda nake a kasuwar nan ba a taɓa ajiye mini Raspberry Pi a kan tebur ba. Sai an yi odarsa daga waje, kuma kun san yadda kaya suka koma tun da hanyar Kwatano ta toshe, sai an zagayo ta Lome. In ya zo, allo daban, kilabiye daban, caja daban, katin memori daban. Ka tara kuɗin ka gani ko bai kai na tsohon ordinatar na hannu ba, wanda ya zo da allonsa da batirinsa.

Ga kuma abin da ke tafe. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin injinan da suka girmi Intel ƙarni na 8. Ofisoshin Turai za su zubar da Core i5 masu lafiya, kuma mun san inda irin wannan kaya yake ƙarewa. Duk amd64 ne.

Souley
Akwatunan talabijin na Android fa? Su ai sun cika gari, kuma ARM ne a ciki.

Laouali
Kada ka soma. Akwati biyu, suna ɗaya, kwali ɗaya, ka buɗe wannan Amlogic, wancan Rockchip ko Allwinner. Wani ma abin da aka rubuta na RAM a kwali ƙarya ne.

Rakia
Nan ne matsalar ARM take, Abdoul. A PC akwai BIOS ko UEFI da ke gaya wa kanel abin da ke cikin inji, shi ya sa ISO ɗaya ke tashi a Dell da HP da Lenovo. A ƙananan allunan ARM babu wannan. Kowane allo da yadda yake tashi, da fayil ɗinsa na bayanin kayan ciki, wasu da U-Boot nasu mai tayar da inji, Pi kuma da tasa hanyar dabam. In muka rubuta a shafinmu cewa muna ɗaukar arm64, gobe wani zai zo da akwatin Souley ya ce mun yi alkawari.

Amma ku tsaya, mu tambayi kanmu: mene ne namu a cikin tsarin nan? Kilabiyen AZERTY da muka ƙara wa ɓ ɗ ƙ ƴ, haruffa, ƙamus na gyaran rubutu, fassarar menu, hotunan bango, littattafan karatu na yara. Kusan duk ba ruwansu da furosesa. A Debian irin wannan ƙunshi ana yi masa alamar "all", guda ɗaya ne ke hawa kowace ƙira. Abin da ke neman haɗawa a cikin namu ƙaramar manhajar maraba ce kawai. Raspberry Pi OS kuwa daga Debian aka ciro ta, kuma tana da ta 64-bit a hukumance tun 2022. To me zai sa mu yi ISO na Pi? Mai Pi ya girka tasu, ya ƙara rumbunmu, ya ja ƙunshi ɗaya, injinsa ya koma Hausa. Su riƙe kanel, mu riƙe harshe.

Kuma wannan ya shafi injinan Malam biyar. In Debian 12 ta ƙare, akwai masu riƙe da 32 har yanzu, irin su antiX, wani Linux da aka gina a kan Debian. Ƙunshinmu zai hau can ma.

Abdoul Razak
Wannan ai ba ɗaukar arm64 ba ne, raɓawa ce.

Rakia
Raɓawa ce da zan iya cika alkawarinta. In kana son cikakken hoto na Pi, kai ne za ka haɗa, kai ne za ka gwada kowace fita. Ni a QEMU mai kwaikwayon inji kawai zan iya, yana rarrafe, kuma ba zai nuna mini ko sauti ko wifi na aiki ba.

Abdoul Razak
Ina da Pi 4 ɗaya. Zan gwada ƙunshin a kansa. Hoton kuma ku ba ni zuwa bayan jarrabawa.

Saura RISC-V. Na san za ku yi dariya, amma ƙira ce buɗaɗɗa, daga jami'ar Berkeley ta faro a 2010, ba a biyan kowa lasisi kafin a ƙera ta. Ƙasar da ke maganar tsayawa da ƙafarta ya kamata ta sa ido a kai.

Hadiza
Sa ido kyauta ne. Wa ke da allon a cikinmu?

Souley
Shiru kake ji 😂

Hadiza
Kuma ƙasan ba ta gama daskarewa ba. Ubuntu 25.10 ta koma neman matakin RVA23, allunan da mutane suka riga suka saya yawancinsu ba su kai ba. A bari tukuna.

Issoufou
To ga abin da zan rubuta a shafi, wanda bai yarda ba ya yi magana kafin Juma'a. Sabon ISO amd64 ne kaɗai, matakin farko, sai ya wuce gwajin HP ɗin Laouali. ISO na 32 yana nan a kan Debian 12, ba sabon abu sai gyaran tsaro, har tsakiyar 2028. Rumbun ƙunshinmu a buɗe yake ga mai Pi da mai antiX.

Malam Chaibou (Tahoua)
Ni ban yarda da rubuta 2028 ba. In kunka sa shekara, ranar da ta cika za ku share ISO daga shahi, wanda ke Abalak ko Keita da inji irin nawa shi zo nema shi taras babu. Ku bar shi nan ko bayan kulawa ta ƙare, ku rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a shiga intanet da shi. Kuma a rubuta da Hausa, ba da Faransanci kaɗai ba.

Rakia
Barinsa a shafi ba ya cin mini komai sai wurin ajiya. Abin da ba zan yarda ba shi ne a kira shi mai kulawa bayan ba mai kula da shi. Ni ina tsoron mai sibar kafe ya ɗauka ya ɗora wa mutane suna shiga asusunsu da shi.

Malam Chaibou (Tahoua)
To ku cire mai Firefox ɗin gaba ɗai in lokacin ya yi.

Hadiza
Kiwix ɗin da ke kan ISO na 32 ta cikin Firefox yake buɗewa, Malam. Sai dai a toshe masa fita waje, a bar shi yana ganin na cikin gida kawai. Rakia, zai yiwu?

Rakia
Zai yiwu, amma sai na zauna a kai. Issoufou, bar wannan layin a buɗe, kada ka rufe shi Juma'ar nan.

Issoufou
Na bar shi. Sauran na rubuta.

Laouali
Malam, hoton da ka turo ya yi duhu, lambar ba ta fita. Ciro RAM ɗin gaba ɗaya, ka danna ƴan kunnuwan nan biyu na gefe za ta ɗago da kanta, ka fita da ita waje ka ɗauka. In ka ga PC2 a rubuce, irin tawa ce. Ka kuma duba ko ramukan biyu ne ko huɗu, in san nawa zan ɗaure.